Allon ƙari na Raspberry Pi don tankin ruwa: in saya haɗaɗɗe ko in haɗa da kaina?

Ɗan_Hindawiyya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Gidan da muke haya a nan Makka hawa huɗu ne, akwai tanki a ƙasa wanda wayit, wato motar dakon ruwa, ke cikawa, akwai kuma na saman rufi wanda dinamo, wato injin tura ruwa, ke cikawa. Matsalarmu ba ma sanin ruwa ya ƙare sai famfo ya fara tari, yawanci kuma da dare ko ana shirin tafiya Juma'a. Ina da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 a ajiye, ina so ta riƙa auna ruwan tankunan biyu tana turo mini a waya, in da hali ma ta kunna dinamo ta kashe da kanta. Na shiga kasuwar intanet na ga allunan da ake ɗora mata a kai, waɗanda ake kira HAT, har kaina ya ɗaure: wannan na rile (makunnin da kwamfuta ke kunnawa da kashewa), wannan na batir, wannan na PoE (mai karɓar wuta ta wayar intanet), wannan mai ramukan sensa goma sha wani abu. Wanne ya kamata in saya? Kuma ana iya ɗora biyu ko uku a kan juna, ko sai dai in sayi ƙananan kaya in haɗa da dalma?

MaiDalma_Jidda:
Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, faɗa mana inda za ka ajiye Pi ɗin. Sama ko ƙasa? Kuma mita nawa ne tsakanin tankunan?

Ɗan_Hindawiyya:
Na yi niyyar sa ta a rufi kusa da tankin sama, cikin akwatin roba. Akwai soket a ɗakin bene. Daga ƙasa zuwa rufi zai kai mita 15.

Injiniya_Yanbu:
Ƙanena, rufin nan shi ne abu na farko da zan hana ka. Ka fi ni sanin Makka a watan Yuli, a inuwa ma ana haura digiri 45, balle akwatin roba a rufe rana tana dukansa tun hantsi. Pi 4 tana fara rage gudu da kanta idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80, a 85 kuma ta ja birki sosai. Ita za ta jure, ba ita nake ji ba. Abin da nake ji shi ne allon batir ɗin da ka ambata. Yawancinsu batirin lithium 18650 suke ɗauka, shi kuwa ƙa'idarsa kada a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, ga shi allon batir ɗin, wato UPS, kullum a cike yake riƙe da shi. Ka ɗora wannan a rufin mutane, ka sauko ka kwanta? A'a.

Ka bar Pi a ƙasa, ƙarƙashin bene ko cikin ɗakin da ake kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Sensa kaɗai zai hau sama. To a nan tambayar gaskiya take: wane irin saƙo ne zai yi tafiyar mita 15 a waya bai lalace ba? Allunan nan masu ramuka da yawa suna da ban sha'awa, soka kawai za ka yi. Amma Qwiic na SparkFun da STEMMA QT na Adafruit I2C ne zalla, Grove na Seeed ma sensocinsa da dama I2C ne. Ita kuwa I2C kamfanin Philips ya ƙirƙiro ta tun 1982 don ƙananan ƙwayoyi su yi magana a kan allo ɗaya. Ka ja ta mita biyu ko uku, lambobi su fara tsalle, wata rana sensan ya ɓace gaba ɗaya.

Abin da muke sawa a masana'anta shi ne sensa mai auna nauyin ruwa, wanda ake zurawa har gindin tanki, mai fitar da 4 zuwa 20 mA. Waya biyu kacal gare shi. Saƙonsa yawan wutar da ke gudana ce, ba ƙarfin bolt ba, shi ya sa tsawon waya bai dame shi ba. Ka ba shi 24V, a ƙasa ka sa rezista mai ohm 150. Sai 4 mA ta zama 0.6V, 20 mA ta zama 3V, ka shigar cikin ADS1115. Duk ranar da ka ga sifili, ka san waya ce ta tsinke, ba tanki ne ya bushe ba, don busasshen tanki 0.6 zai nuna. In za ka saya ka dubi zurfin da aka yi shi dominsa. Tanki mai mita biyu, kar ka ɗauko sensa na mita goma, yawancin awon zai tafi a banza.

Ɗan_Hindawiyya:
Allah ya saka da alheri Yaya. Amma me ya sa sai an sa ADS1115 ɗin? Ba za a soka wayar kai tsaye a fil ɗin Pi ba?

Injiniya_Yanbu:
Ba za a yi ba. Fil ɗin Pi abu biyu kawai ya sani, akwai wuta ko babu. Ba ta da abin da ke karanta 1.7V ta ce maka 1.7 ne. Arduino tana da shi, Pico tana da shi, amma Pi babba ba ta da shi tun ta farko da ta fito a 2012 har zuwa Pi 5. ADS1115 tana da mashiga huɗu, biyu sun ishe ka. Akwai MCP3008 mai mashiga takwas, amma awonta bai kai na waccan kaifi ba.

Abu_Safwan:
Ni aikin wutar gidaje nake yi a Makka tun kafin a haifi wasunku. Ɗana, awwama biyu ta lantarki, wato makunnin da ke yawo a saman ruwa, ɗaya a tankin sama ɗaya a na ƙasa, ta gama maka maganar dinamo. Sama ya ragu ta kunna, ya cika ta kashe, ƙasa ya bushe ta hana dinamo juyawa ba ruwa. Babu intanet, babu katin memori. Me ya kawo kwamfuta cikin famfo?

Baban_Walid:
Baba Abu Safwan ya zo da nasa, hahaha. Baba, awwama za ta turo masa saƙo a waya yana wurin aiki ta ce ya kira wayit?

Abu_Safwan:
Haris mai gadin gidan ba ya da waya ne? Ya leƙa ya kira shi.

MaiDalma_Jidda:
Ku bar dariya, maganar Baba ita ce ƙashin bayan aikin. Ko an sa Pi, awwama ta zauna a layin dinamo. Pi tana iya daskarewa da rile a kame, katin SD yana iya lalacewa, to wa zai kashe dinamo? Ruwa ya yi ta ambaliya daga hawa huɗu har titi, ga tara ga faɗan mai gida. Ni a wajena Pi ta tsaya a awo da turo saƙo, kunnawa da kashewa a bar wa awwama.

Sannan @Ɗan_Hindawiyya, waɗannan ƙananan rile masu launin shuɗi da ke kan HAT, an rubuta musu 10A 250V. Kar rubutun ya ruɗe ka. Dinamo mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wajen amfiya 4 zuwa 5 idan ya daidaita, amma a lokacin tashi yana jan ninki biyar ko fiye na ɗan lokaci. Kullum tartsatsi na cin bakin rilen, wata rana ya manne ya ƙi saki. In dole sai ka kunna da Pi, rile ya kunna kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta da yawa, kwantakta ta kunna dinamo. Kuma ni ban yarda a kawo waya mai 230V saman allon da kake taɓawa da yatsa ba. Rilen ya zauna a akwatinsa daban.

Talibi_Madina:
Salam malamaina. Ni ƙaramin ɗalibi ne amma ina ganin an ɗauko tirela don kai buhun gero ɗaya. Wannan aikin na ESP32 ne, ɗan ƙaramin allon nan mai sarrafa na'urori. Tana da WiFi, tana karanta bolt da kanta, ba ta da katin SD da zai lalace, a ɗauke wuta a dawo da ita cikin daƙiƙa ta ci gaba daga inda aka tsaya. Ka sa ɗaya a kowane tanki da sensan JSN-SR04T mai auna nisa da sauti, wanda ruwa ba ya ɓata shi, kuɗin duka bai kai na HAT ɗaya mai kyau ba. Pi ɗin ka bar ta a ɗaki tana karɓar lambobi tana zana maka jadawali, ba tare da an ɗora mata komai a kai ba.

Injiniya_Yanbu:
Ba ka yi ƙarya ba @Talibi_Madina, amma JSN ɗin nan a cikin rufaffen tanki sai a hankali. Ba ya ganin abin da ke kusa da shi ƙasa da santimita 20 zuwa 25, wato daidai lokacin da tanki ya cika shi kuma ya makance. Sautinsa yana bazuwa, ya bugi bango ko bututu ya dawo da ƙarya. Ga tururi: ruwan tankin rufi da rana har wanka ba ya yiwuwa da shi, da dare ya huce, gumi ya taru a fuskar sensan. Sannan abin karanta bolt na ESP32 ba ya tafiya daidai a gefen ƙasa da gefen sama, mutane da yawa sai sun ƙara mata ADS1115 ɗin nan dai.

Talibi_Madina:
Na yarda da maganar tururi. Amma WiFi ta kawar da jan waya mita 15, wannan fa ba ƙaramin abu ba ne a gidan haya.

Baban_Walid:
WiFi ta ratsa dakalin siminti huɗu? A ginin Makka? Allah ya ba da sa'a.

Umm_Rayyan:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in ɗan kauce, tunda ana maganar HAT. Ina koya wa yarana da 'ya'yan maƙwabta Python a gida nan Jidda, da Sense HAT muke aiki, wadda aka kai tashar sararin samaniya a 2015 lokacin tafiyar Tim Peake. Yara suna son fitilun nan 64, sun rubuta sunayensu suna wucewa a kai, har faɗa ake yi wajen riƙe ɗan sandan juyawar. Amma awon zafinta ya fi na ɗakin nesa ba kusa ba. Mukayyif yana kan 23, ita tana nuna talatin da wani abu. Ta lalace ne?

MaiDalma_Jidda:
Lafiyarta ƙalau Malama. Sensan yana zaune ne daidai saman ƙwaƙwalwar Pi, zafin da ke tasowa daga ƙasa yake aunawa. Ki sayi kebul mai faɗi na fil 40, ki raba allon da Pi ɗin da taki ɗaya, za ki ga ya sauko. Kuma wannan darasi ne ga yaran: su rubuta vcgencmd measure_temp su ga zafin ƙwaƙwalwar, su kwatanta da na sensan kafin a raba da bayan an raba. Shi ma mai tambayar farko ya lura, duk allon da ya zo da sensan zafi a manne a jikinsa, zafin Pi zai ba ka.

Umm_Rayyan:
Madalla, na gode Malam. Wannan zai zama aikin ranar Asabar.

Kawu_Batha:
Ba wanda ya amsa wa yaron nan tambayarsa ta biyu, ta ɗora allo kan allo. Bari in gwada. Tsarin HAT ya fito a 2014 tare da Model B+, lokacin da aka ƙara fil daga 26 zuwa 40. Kowane HAT na gaskiya yana da 'yar ƙwayar ajiya da ke magana ta fil na 27 da 28, tana gaya wa Pi ko shi wane ne da fil ɗin da yake buƙata. Da aka tsara abin, allo ɗaya aka yi nufi. Mutane suna ɗora biyu da uku da dogayen fil, kuma yana aiki, amma da sharaɗi: kada biyu su nemi fil ɗaya, kada kuma biyu su zo da adireshi ɗaya a I2C.

Na biyun shi ya fi wahalar da mutane. INA219 da ke auna wuta a allunan batir da yawa, adireshinta na asali 0x40 ne, PCA9685 mai juya ƙananan motoci ita ma 0x40. Agogon DS3231 yana 0x68, sensan motsi MPU6050 shi ma 0x68. ADS1115 ɗinka tana 0x48, kana iya matsar da ita har 0x4B da waya ɗaya. Duk allon da ka ɗora, ka rubuta i2cdetect -y 1 ka ga wa ya amsa kafin ka ƙara wani. Kafin saye kuma ka duba a pinout.xyz, akwai alluna da yawa da fil ɗin da kowanne ya ci. Mai sayarwar da bai nuna taswirar fil ɗin allonsa ba, ka wuce shi. Araha ba ta ado.

Ɗan_Hindawiyya:
Kawu na gode, wannan ya warware mini abu babba. To allon PoE fa? Wani abokina ya ce shi ne maganin komai, waya ɗaya ta kawo wuta da intanet.

Kawu_Batha:
Yana da kyau in Pi ɗin za ta zauna nesa da soket. Wayar intanet tana kai mita 100, wutar kuma tana tafiya a wajen 48V, allon ne ke sauko da ita 5V, don haka ba ta raguwa a hanya. Na farko ya fito a 2018 don Pi 3B+, PoE+ ya biyo a 2021. Amma sai ka sayi abin da zai zuba wutar cikin wayar, ga 'yar fankarsa mai ƙara, ga shi yana rufe fil ɗin sai ka nemi dogaye. Tunda Injiniya ya sauko da kai ƙarƙashin bene kusa da soket, ban ga abin da zai ƙara maka ba.

Zol_Gadarif:
Salamu alaikum 'yan uwa na Saudiyya. Ina karanta ku ina murmushi, ku matsalarku zafi, mu nan Sudan matsalarmu wutar ma ta zo. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 duk wanda ke da hali ya koma sola. Ni gonar kawuna nake dubawa, akwai rijiyar burtsatse da famfon sola da tanki a kan ƙarfe. Abin da zan ƙara shi ne lissafin ci. Pi 4 ko ba ta aikin komai tana shan kusan watt 3, a yini da kwana wajen watt-awa 70 ke nan. Ga mai soket wannan ba komai ba ne, ga mai batir ɗaya da ake cajin wayoyin gida duka a kai, abin lissafi ne. Pi Zero 2 W muka sa, ba ta kai watt ɗaya ba idan tana zaune, kuma fil ɗinta 40 ne iri ɗaya.

Allon UPS mai 18650 ba mu da abin yi da shi, tunda batirin sola yana nan. Ƙaramin allo mai sauko da wuta muke sawa, daga 12V ko 24V zuwa 5.1V, a ajiye shi dab da Pi da gajeriyar waya mai kauri. Ka saita shi da mita kafin ka haɗa, don masu ɗan sukurun juyawa suna zuwa a kan duk inda aka bari. Kuma LM2596 da aka rubuta wa 3A, in ba ka manna mata ƙarfen shan zafi ba kar ka nemi fiye da 2A.

Ga mai son auna batirin sola: INA219 iyakarta 26V. Batir mai 24V yana haura 28V idan rana ta take ana caji. INA226 ake nema, ita tana kai 36V. Wani maƙwabcinmu sai da ya ga hayaƙi ya yarda.

Injiniya_Yanbu:
Sannu da ƙoƙari ɗan uwa, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina. Maganar gajeriyar waya mai kauri a rubuta ta da manyan baƙaƙe. Pi tana fara kuka da zarar wuta ta sauka ƙasa da 4.63V, tazarar da 5V kaɗan ce ƙwarai. Rabin abin da mutane ke cewa HAT ya lalace, caja ce ko siririn kebul. A rubuta vcgencmd get_throttled, in ba 0x0 ta nuna ba akwai magana. Pi 4 tana son 3A, Pi 5 kuwa 5A in za a ɗora mata kaya. Wa kuma ya ɗora allon 4G? Shi kaɗai yana fizgar kusan 2A lokacin da yake neman layi.

Tambaya gare ka @Zol_Gadarif, ta fil kake ba ta wutar ko ta USB?

Zol_Gadarif:
Ta fil na 2 da na 6 Yaya. Na san babu mai tsare ta ta wannan hanyar, shi ya sa na sa fis kafin allon. Wani abu kuma, fanka ba ta yi mana. Habub ɗaya, wato guguwar ƙura, ta cika ta da ƙura. Akwatin alminiyam wanda jikinsa ne ke shan zafin ya fi, sai dai yawancinsu ba sa barin wurin ɗora HAT. Shi ya sa na koma kebul mai faɗi zuwa allo mai ɗaurin sukuru a gefe.

MaiDalma_Jidda:
Yauwa, an zo wajena. Allo mai ɗaurin sukuru shi ne HAT ɗin da nake gaya wa kowa ya fara saye, wanda ba shi da komai sai wurin ɗaure waya da lambar kowane fil a rubuce. Waɗannan wayoyin sokawa masu launi-launi na gwaji ne a kan tebur. Ka bar su wata uku a inda dinamo ke girgiza bango, ɗaya ta zame, ka kwana kana zargin shirin da ka rubuta. A nan Jidda kuma ga danshin teku, bakinsu ya yi kore.

Baban_Walid:
Ni fa ban yarda da ku masu dalma ba. Ba kowa ke da hannun ba. Mutum ya sayi haɗaɗɗen allo mai ADC (abin karanta bolt) da rile da kariya a ciki, akwai ma masu karɓar 4 zuwa 20 mA kai tsaye, ya ɗora ya ɗaure sukuru huɗu ya wuce wurin. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba ku ce ya haɗa 24V kusa da fil ɗin da 3.3V kawai yake ɗauka? Waya ɗaya ta goga, Pi ta tafi. Kuɗin allon bai kai kuɗin sabuwar Pi ba.

MaiDalma_Jidda:
Da gaskiyarka ta wannan gefen. Amma ka tambayi mai allon nan bayan shekara biyu. Haɗaɗɗen allo da shirinsa yake zuwa, in masu shi suka daina sabuntawa ka zauna da shi. Da Pi 5 ta fito a 2023 da sabuwar ƙwayar RP1 mai kula da fil, duk shirin da aka gina a kan RPi.GPIO ya daina aiki a kanta, sai an koma gpiozero ko lgpio. Alluna nawa ne suka zama kayan ado? ADS1115 kuwa duk duniya an san ta, ko wace kwamfuta ka koma akwai shirinta.

Baban_Walid:
Shi Pi 4 gare shi, ba 5 ba.

Yaro_Taif:
Don Allah ni Orange Pi nake da ita, HAT ɗin Raspberry zai hau?

Kawu_Batha:
Ya danganta da wacce. Wasu fil 26 gare su, wasu 40. Ko ya hau, wuta da I2C galibi suna wuri ɗaya, amma lambobin sauran fil da shirin da ke tuƙa su daban ne. Allo mai I2C zalla yakan yi, mai rile da fitilu sai ka gyara shirin da hannunka. Ka ɗauko taswirar fil ɗin taka ka jera da ta allon, fil bayan fil, kafin ka kunna.

Abu_Safwan:
Tunda kun nace. In za a sa kwantakta a duba rubutun jikin koyil ɗinta, 220 zuwa 240V, kuma a ga 50/60Hz. Wutar Saudiyya 60 ce, ta Sudan 50. Mutanenmu suna sayen dinamo a nan su aika gida, ya je can yana juyawa a hankali ruwa ba ya hawa yadda aka saba, su ce an cuce su. Kuma ɗana, tsofaffin gidajen Makka har yanzu akwai masu layin 127V a wasu soket. Ka auna kafin ka soka komai. Wayar da za ta hau rufi kuma a sa ta cikin bututu, rana tana cinye robar, ɓeraye su ƙarasa.

Ɗan_Hindawiyya:
Baba na gode, kuma na ji maganar awwama, ita za a fara sawa. Ga inda na tsaya yanzu, ku gyara mini. Pi a ƙarƙashin bene. Allo mai ɗaurin sukuru, ADS1115, sensa biyu masu 4 zuwa 20 mA, da 'yar tiransifoma mai 24V. Ba rile tukuna. Abin da ban yanke ba shi ne batir. Wuta ba ta cika ɗaukewa a nan ba, amma haris yakan sauke babban makunni in zai yi gyara, ba ya gaya wa kowa.

Injiniya_Yanbu:
To ba batir kake buƙata ba, kariyar kati kake buƙata. A cikin raspi-config akwai inda ake mayar da katin na karatu kawai, duk abin da aka rubuta a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake tsayawa, ko an fizge wuta katin ba ya lalacewa. Lambobin awon ka riƙa tura su waje. Sai dai ka sani Pi 4 ba ta da agogon kanta, daga intanet take samun lokaci, in ta tashi kafin rauta, wato na'urar intanet ta gida, za ta ɗan yi ruɗu. DS3231 tana maganin wannan. Pi 5 ce ta zo da agogo a ciki.

Kawu_Batha:
Ni zan sa UPS ɗin duk da haka, a ƙarƙashin bene ai ba rufi ba ne. Akwai masu batirin LiFePO4 da suka fi jure zafi, akwai masu manyan kafasita da ke riƙe ta daƙiƙoƙin da za ta kashe kanta lafiya. In haris ya sauke makunni, ba ka so ta turo maka saƙo cewa wuta ta tafi?

Injiniya_Yanbu:
Ta turo ta ina Kawu, rautar ma ai ta mutu tare da ita.

Talibi_Madina:
Duk wannan doguwar magana ta kati da agogo da UPS, ESP32 ba ta san da ita ba. Na dai faɗa. Ko sensan Injiniya za a sa, a haɗa shi da ESP32 da ADS1115 a ƙarƙashin benen, a bar Pi ta huta.

Ɗan_Hindawiyya:
Ɗan uwa Pi ɗin ce nake da ita a hannu, kuma Python kaɗai na iya. Amma zan sayi ESP32 ɗaya in gwada a tankin ƙasa, in ga wanda zai fara ba ni ciwon kai. Sai na samu izinin mai gida kan jan waya ta ramin bututu, gobe zan same shi bayan la'asar.

Zol_Gadarif:
Kafin a watse, akwai mai tahowa ta Sawakin ko Port Sudan a wannan watan? Ina neman INA226 guda biyu da ADS1115, duka ba su cika tafin hannu ba. Zan tura kuɗin ta hannun ɗan uwana da ke Jidda.

MaiDalma_Jidda:
Ina da su a shago, ka sa ɗan uwan naka ya yi mini magana ta gefe. In akwai mai son a haɗa masa da 18650 kuma ta jirgin sama za a bi, a jakar hannu ake sa su, kowanne a rufe bakinsa da salatif, ba a yarda da su cikin kayan awo ba. Rezistar auna wutar da ke kan allon INA226 ɗin ƙarama ce, ba ta kai amfiya ɗaya ba. Amfiya nawa layin naka yake ja, in san wadda zan haɗa maka da ita?